Iya Mai-Kwalba da Tankin Gidan Haya

Ba sayar da kwalba take yi ba, ko da yake baƙo idan ya ji sunan haka yake zato. Wanke su ta yi, shekara ashirin da shida, a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, can ƙurya inda akwai famfo biyu da kwatamin ƙarfe da taga ɗaya mai kallon bango. Kwalaben nan kuwa ba na turare ba ne. 'Yan ƙanana ne masu murfi, irin waɗanda ake ba uwa a ce ta ɗebo kashin ɗanta a duba. Idan ma'aikata suka gama da su, sai a turo wa Iya a cikin bokiti.

Tana da tsarinta, kuma ba wanda ya isa ya sa ta tsallake ko ɗaya. Da farko ta jera su a tukunyar turiri, ta ɗaure murfi, ta bar su har duk abin da ke ciki mai rai ya mutu. Sannan buroshi da sabulu. Sannan ɗauraya sau uku, ba biyu ba. Ta ɗaga kowace kwalba saitin taga ta duba, ta sake mayar da su tukunya. Sabon ma'aikaci idan ya shigo da gaggawa ya ce, "Iya, miƙo min guda ɗaya haka nan, ai ta yi fes," sai ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "A idonka ta yi fes. Je ka ka dawo."

Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta sun yi fari-fari saboda sabulu. Karatunta bai wuce gane lamba da launin takarda ba. Ba ta da yawan magana, amma in ta ce a'a, gara mutum ya nemi wata hanya.

Kafin duk wannan, ta yi goyon fari tana da shekara ashirin da biyu, 'ya mace. Yarinyar tana wata tara gudawa ta kama ta. Manyan matan unguwa suka ce haƙori ne, kowane yaro sai ya yi. Da abin ya ƙi tsayawa, wata ta ce nononta ne ya lalace, ta cire yarinyar. Ta cire ta. Kwana uku bayan nan, da hantsi, yarinyar ta cika a kan cinyarta. Daga baya ta haifi maza biyu, ɗaya ya yi nisa wurin neman abinci, sai Auta ya rage a gabanta. Mijinta direban bas ne, ya rasu Auta yana rarrafe. Shi ne ta nemi aikin shara a asibiti, daga shara aka mayar da ita wurin kwalabe, don ba mai so.

A ɗakin akwai wani ma'aikaci da ake kira Dogo, mai duba ƙwayoyin cuta a madubin da ke ƙara girman abu. Mutum ne mai surutu, kuma ba ya raina kowa. Wata rana yana tsaye bakin ƙofar ƙuryarta yana hutawa, ta ce masa, "Dogo, in tambaye ka mana."

"Allah Ya sa na sani, Iya."

"Kwalaben nan, in na wanke goma, takwas na 'yan ƙasa da shekara uku ne. Ba ruwa ɗaya suke sha da iyayensu ba? Ko cutar tsoron manya take ji?"

Dogo ya yi dariya. "Tsoronsu kuwa take ji. Kin ga jikin mutum, akwai masu gadi a ciki, a jini da bangon hanji. Garkuwar jiki muke ce musu. Amma mai gadi ba ya tare ɓarawon da bai san fuskarsa ba. Ranar da ƙwayar cuta ta fara shiga, kafin a gane ta, ta yi ɓarna. In mutum ya tashi, jiki ya riƙe kamanninta, ya ƙera makami daidai ita. Ta sake dawowa, tun a ƙofa za a tare ta. Ni da ke mun sha karo da su tun muna yara. Ba wai ba sa kayar da babba ba, in sabuwar iri ce ko ta zo da yawa, tana kayarwa. Amma yawanci sai dai cikinsa ya yi ƙugi ya wuce."

"Yaro fa?"

"Yaro sabon gida ne, bai ɗauki masu gadi nasa ba tukuna. Aro yake yi wurin uwarsa. Nono ba abinci ne kawai ba, Iya. Makaman da jikin uwa ya ƙera suna bi ta ciki, su je su shafe hanjin yaron."

Iya ta kashe famfo.

"To in yaro yana gudawa aka cire shi daga nono?"

"An sallami mai gadi ranar da ɓarawo yake cikin ɗaki ke nan."

Ta kunna famfo ta ci gaba da wanki. Dogo ya lura kwalba ɗaya take ta gogewa, ta ɗauraye ta, ta sake sa mata sabulu. Da zai tafi ya ce, "Kuma in kin ji babba yana cewa da ruwan nan muka girma, gaskiya ya faɗa. Sai dai waɗanda ba su girma ba, ba sa nan balle su yi magana."

Daga ranar Iya ta tsiri wani abu. Duk uwar da ta kawo kwalba, sai ta tare ta a baranda. "Kina ba shi nono? Kada ki cire. Ko yana amai, ki jira kaɗan ki sake ba shi." Babbar nas ta kira ta ofis ta ce, "Ke likita ce?" Iya ta ce, "A'a, ranki ya daɗe. Amma ke kin gaya mata?" Aka ja mata kunne sau biyu. Ba ta daina ba, sai dai ta koma bayan ginin, inda matan ke bi su fita.

Da ƙarfi ya ragu ta ajiye aiki, ta koma wurin Auta. Shi walda yake yi, matarsa kuma tana aiki a gidan burodi, ita ke zuba shi a leda. Suna da ɗa guda, wanda saboda cikar fuskarsa kowa ke ce masa Kumatu. Gidan haya ne mai hawa ɗaya, ɗaki goma sha biyu, tsakar gida da siminti. A tsakiya akwai tankin ruwa na ƙasa mai murfin ƙarfe, motar ruwa ke cika shi farkon mako, a riƙa ja da guga. Taku shida daga nan ban-ɗaki ne guda uku, da ramin da ƙazantarsu ke taruwa.

Mai kula da gidan wani tsohon direban babbar mota ne, ƙato, ana ce masa Mai-Mukulli, don tun daga nesa ake jin ƙarar mukullan a ƙugunsa. Ba mugun mutum ba ne. Shi ke canza ƙwan fitila, shi ke raba faɗa, in wani ya kwanta shi ke nemo mota. Amma yana da wata al'ada tasa shi kaɗai. Akwai kofin silba da ya rataye a ƙusa kusa da tankin. Duk wanda ya ce ruwa ya canza wari ko ɗanɗano, sai ya ja guga, ya cika kofin, ya shanye a gaban kowa, ya yi gyatsa, ya bugi ƙirji ya ce, "Ga ni nan tsaye." Daga nan magana ta ƙare. Mutanen gidan sun yarda da gwajin nan fiye da takardar likita.

Ita dai Iya tafasa ruwan jikanta take yi, na sha da na wanke kofi. Mai-Mukulli in ya wuce ya gan ta tana hura gawayi sai ya ce, "Likita, an fara aiki?" Ta ce, "An fara. Kawo cikinka in dafa, ko tumbin ya ragu."

To, sai ƙanwarta da ke wani gari ta faɗi ta karye a ƙugu. Iya ta tafi jinya, ta yi mako uku. A cikin makonnin nan aka yi ruwan sama mai yawa, aka kuma mayar da aikin surukarta na yini guda. Surukar ta rasa yadda za ta yi, ta cire Kumatu daga nono yana wata goma, ta sayi madarar gwangwani, ta riƙa barin sa wurin matar tela, maƙwabciyarsu, wadda ita ma ke da 'ya mai wata goma sha huɗu. Matar tela kuwa da ruwan tanki take dama madarar. Me zai hana? Shekaranjiya a gabanta Mai-Mukulli ya sha.

Iya ta dawo da la'asar. Tun daga ƙofa ta ji warin da ta sani shekara ashirin da shida. Ta ajiye jaka, ko takalmi ba ta cire ba. Yaron yana kwance a tabarma, ido ya faɗa, yana buɗe baki kamar mai kuka amma ba hawaye. Ta taɓa maɗigarsa ta ji ta lotsa. Ta tsunkuli fatar cikinsa ta saki, fatar ta tsaya a tattare.

"Kwana nawa?"

"Yau uku, Iya," in ji surukar. "An ce haƙori ne."

"Wa ya ce?"

"Kowa."

"Kowa ɗin nan ba shi zai ɗauki gawa ba. Ɗauko zani. Tafasasshen ruwa akwai?"

Ta zaro ƙullin garin gishiri da sukari na asibiti daga ƙasan akwatinta, inda ba ta rabo da shi, ta haɗa, ta riƙa ɗura masa da cokali a cikin mota har suka isa. Aka sa masa ƙarin ruwa, da ƙyar aka sami jijiya. Da suka zauna a gefen gado ta ce wa surukar, "Yaushe rabonsa da nono?"

"Kwana goma sha biyu."

"Sa shi."

"Iya, ai ya ƙafe."

"Bai ƙafe ba, fushi ya yi. Sa shi ya ja. Ko ɗigo ɗaya ya samu, nasa ne. Gobe ya sami biyu."

Surukar ta dubi nas ɗin da ke gyara allura. Nas ta ce, "Yi abin da tsohuwa ta ce."

Washegari da safe Iya ta koma gida ɗauko kaya. Ta bi ɗaki-ɗaki tana gaisuwa tana leƙe. Yaran gidan huɗu ke zawo, har da Kumatu da 'yar tela, kuma ba wanda ya kai shekara uku. Babba ko ɗaya bai kwanta ba. Ta tsaya a tsakar gida ta ce da ƙarfi, "Ruwan tankin nan ne. Kada wanda ya ƙara ba yaro."

Mai-Mukulli ya fito yana gyara hula. "Likita, sannu da dawowa. Ya jikin angon naki?"

"Yana hannun Allah. Ruwanka ya kwantar da shi."

"Ruwana?" Ya waiwaya ya dubi mutane. "Mu nawa ne a gidan nan? Mun fi arba'in. Duk muna sha. In ruwa ne, ai da manya muka fara zubewa, mu da muke shan bokiti-bokiti. Yaro nawa yake sha?" Ya ja guga, ya cika kofi, ya shanye. "Ga ni nan tsaye."

Mata suka yi dariya, wasu suka ce Iya ta fiye tsanani. Ba ta kula su ba. Ta shiga ɗakin tela ta ce a kai yarinyar asibiti yanzu-yanzu. Tela ya ce bari ya gama ɗinkin da ke gabansa, masu shi sun matsa. Sai bayan azahar suka tafi. Yarinyar ba ta kai wata safiyar ba.

Bayan an dawo daga makabarta, mutane suna zazzaune a tsakar gida ana ta cewa kwana ne ya ƙare, Iya ta shiga ɗaki ta fito da kujerarta ta katako. Ta dasa ta a kan murfin tankin, ta zauna, ta gyara zani.

Wata mata ta zo da bokiti. "Iya, ɗan matsa in ja."

"Famfon bakin titi yana zuba."

"Haba Iya, har can? Da wannan ranar?"

"Har can."

Kafin a jima gida ya ɗauka. Mai-Mukulli ya zo yana huci. "Ke tsohuwa, ranar makoki za ki tayar mana da fitina? Yarinya kwananta ya ƙare."

"Na yarda, kwananta ya ƙare," in ji Iya. "Na tankin nan ma ya ƙare."

"Tashi ko in ɗaga ki da kujerar."

"Ɗaga. Amma ka sani kana ajiye ni zan dawo, ka sake ɗagawa. Mu gani tsakanin bayanka da taurin kaina wa zai fara gajiya."

Ya tsaya yana kallonta. Ba zai iya taɓa tsohuwa a gaban jama'a ba, ita ma ta san haka. Sai ya sunkuya ta gefen ƙafarta ya danna wa murfin kwaɗo. "To kowa ya rasa. In ƙishi ya dame ku, ga wadda za ku tambaya." Ya tafi kiran mai gidan a waya.

Abin da ya zaunar da ita a wurin ba ɓoyayye ba ne. Likita ya ce in Kumatu ya ci gaba da samun sauƙi, nan da kwana biyu ko uku za a sallame shi. Ina za a kawo shi? Nan. Ko ta tafasa na shansa, da ruwan nan za a yi masa wanka, da shi maƙwabta za su wanke hannu su ɗauke shi, da shi za a ɗauraye kwanon da zai lasa. Yaron da ya dawo daga bakin kabari ba shi da ƙarfin karo na biyu.

Auta ya taso daga wurin aiki, ya durƙusa kusa da kujerar yana magana ƙasa-ƙasa. "Iya, don Allah ki rufa min asiri. Mai gida ya ce in ba ki tashi ba mu kwashe kayanmu. Ina za mu sami ɗaki yanzu?"

"In an kore mu, mu huɗu za mu fita," in ji ta. "In na tashi daga nan, wataƙila mu uku za mu zauna. Wanne ka zaɓa?"

Auta ya sunkuyar da kai. Can ya miƙe, ya ɗauki jarka biyu ya nufi famfon bakin titi.

Matan gidan kuwa ba su bar ta ta huta ba. Duk wadda ta shigo da bokiti a ka, gumi na zuba, sai ta yar da magana. Wata ta ce wanke kashi ne ya taɓa mata ƙwaƙwalwa. Iya ta ce, "Ya taɓa. Shi ya sa nake gane shi ko ya yi shigar ruwa." Wata ta ce, "Mu da ruwa irin wannan aka raine mu." Iya ta ce, "Ku nawa uwarki ta haifa?" Matar ta ce tara. "Nawa suka rage?" Matar ta sauke bokitinta ta shige ɗaki.

Da yamma tela ya fito. Tun da aka dawo bai yi magana da kowa ba. Ya tsaya a gabanta, idonsa jawur.

"Iya, tsakaninki da Allah, ruwan ne?"

"Ban gani da idona ba tukuna, ɗana. Amma ina so in gani, kai ma ka gani. Zauna min a nan."

Ta tashi, ya zauna. Mutumin da ya binne 'yarsa da safe, wa zai ce masa tashi? Iya ta tafi kanti ta sayo bula, shuɗin nan da ake sa wa fararen kaya, duk abin da mai kantin ke da shi. Ta taɓa ganin an yi haka a asibiti, lokacin da ake zargin wani bututu. Ta jiƙa shi a bokiti huɗu har ya yi baƙi-baƙi, ta bi ban-ɗakin nan uku ta juye, Auta yana bin ta da ruwan jarka yana korawa. Mutane suna kallo. Wani ya ce, "Yau kuma masai ake yi wa kwalliya."

Washegari da hantsi Mai-Mukulli ya dawo da saƙon mai gida: ko a buɗe tanki yau, ko su Auta su bar gidan ƙarshen wata. Ya tara mutane, ya ciro kofinsa daga ƙusa. "Zan sha a gabanku, na ƙarshe. Daga nan wanda ya ƙara magana, ƙofa a buɗe take."

Iya ta miƙe da kanta ta janye kujerar. "Bismilla."

Ya buɗe kwaɗon, ya zura guga, ya jawo. Gugan na baƙar roba ne, ba a ga komai ba. Ya tsiyaya a kofi, ya kai baki. Sai ya tsaya. Ya karkata kofin wajen rana, ya sake dubawa.

"Kawo farin kwano," in ji Iya. Wata ta miƙo. Iya ta juye sauran ruwan gugan a ciki. Shuɗi ne, ba mai duhu ba, amma ko yaro ya gani ya san shuɗi ne.



"Ke kika zuba a ciki," in ji Mai-Mukulli, amma muryar ba irin tasa ba ce.

"Kwaɗonka ne, mukullinka ne," in ji tela. "A masai ta zuba, kowa ya gani."

Wata mata ta toshe baki ta ruga bayan gida. Matar tela, wadda ta leƙo daga ƙofa, ta zame ta zauna a ƙasa. Mai-Mukulli yana nan riƙe da kofi. Ya ce a hankali, "To ni me ya sa bai kashe ni ba? Shekara ashirin ina sha."

"Ya gwada, kana yaro," in ji Iya. "Kai ka ci shi. Cikinka ya san ƙwayoyin cutar ɗaya bayan ɗaya, suna shiga yake tare su. Allah Ya ƙara maka lafiya. Amma cikin nan naka ne kai kaɗai, Malam. Ba a auna ruwan jariri da cikin tsohon direba."

Ya zubar da ruwan a ƙasa. Ya rufe murfin, ya danna kwaɗo, ya zare mukullin daga cikin 'yan uwansa, ya miƙa wa tela.

Da aka kwashe ruwan aka shiga da fitila, sai ga tsaga a bangon da ke kallon ramin, yatsa yana shiga. Mai gida ya so a liƙe da siminti a ci gaba. Iya ta aika masa cewa kujerarta tana nan, katakonta mai kyau ne. Ƙarshe dai aka cike tankin da ƙasa, aka kawo na roba, Auta ya haɗa masa ƙafafun ƙarfe aka ɗora shi sama, nesa da ban-ɗaki. Sauran yaran biyu aka kai su asibiti, suka tashi. Maganar kora kuwa ba wanda ya sake tayar da ita. Mai-Mukulli ya yi wata biyu ba ya gaishe ta. Ita kuwa kullum da safe sai ta gaishe shi da ƙarfi, yadda kowa zai ji.

Kumatu ya dawo gida a rana ta shida, a rame, wuya kamar zare, amma yana kallon mutane yana kama yatsa. Nonon uwarsa ya dawo, ba kamar da ba, amma ya dawo. Saura matsala ɗaya: hutun da aka ba ta a gidan burodi ya ƙare, in ta koma aikin yini guda nonon zai sake tafiya.

Ranar da ta koma, da rana ta take, sai ga Iya a ƙofar gidan burodin da yaro a baya. Ta wuce masu saye, ta wuce kanta, ta shiga har inda ake zuba burodi a leda. Mai wurin ya taso yana goge hannu.

"Iya, lafiya? Nan fa wurin aiki ne."

"Na sani. Shi ma aiki ya zo yi." Ta kwance goyon ta miƙa wa uwarsa.

"Ba ma barin yara a nan. In na bar ta, gobe kowa ya kawo nasa."

"Su kawo. Minti goma ne. Burodinka ba ƙafa gare shi ba, ba zai gudu ba."

"In na ce a'a fa?"

"Sai in tsaya a bakin ƙofa, duk wanda ya zo saye in gaya masa dalilin tsayuwata. Ba ni da wani aiki, ɗana. Na ajiye."

Ma'aikata suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Mai wurin ya dubi tsohuwar, ya dubi yaron da ya riga ya kama yana ja, idonsa a lumshe. Ya yi tsaki, ya nuna wani benci a bayan buhunan fulawa.

"Can. Kada masu saye su gani."

Iya ta karkaɗe bencin da gefen mayafinta, ta zaunar da surukarta, ita ma ta zauna. Ta ce wa mai wurin, "Ƙarfe uku ma muna tafe."